Targaɗen farkon kaka: Ƙaramin raunin da ke cinye wa ɗan wasa shekara guda

Duk lokacin da aka doshi sabuwar kakar wasa, hankalin masoya ƙwallon ƙafa yakan karkata ne ga sababbin 'yan wasan da aka saya da kuma wanda zai ɗaga kofi. Ba a cika tambayar halin da jikin 'yan wasan yake ciki ba, alhali makonnin farko suna cikin mafi haɗari. Jikin da ya kwashe makonni yana hutu, rana ɗaya sai a tashe shi da gudu safe da yamma. A nan ne ake samun targaɗe a idon sawu, da fizgewar tsokar bayan cinya, da ciwon gwiwa ko matsematsi.

Manyan ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Najeriya suna da jami'an lafiyarsu. Damuwarmu ita ce dubban matasan da ke buga wa ƙungiyoyin unguwa da makarantun koyon ƙwallo, a filayen ƙasa masu tauri da ramuka, inda koci shi ne likita, shi ne mai yanke hukunci. A irin waɗannan filaye, raunin da ya kamata ya warke cikin mako biyu yakan koma jinyar watanni, kuma sau da yawa abin da aka yi wa raunin ne ya jawo hakan.

Da zarar yaro ya turguɗe, abin da aka saba shi ne a kama ƙafar a ja, a murza ta da man zafi, da daddare kuma a gasa ta da ruwan zafi. Niyyar mai kyau ce, amma targaɗe yagewa ce a cikin jijiyoyin da ke riƙe gaɓa, kuma jini yana tsatsafowa a wurin. Zafi da murza suna ƙara wa jini gudu, kumburi ya ƙaru. Don haka masana ke cewa a kwana biyu zuwa uku na farko a guji gashi da tausa da komawa fili.

Abin da ya dace bai fi ƙarfin kowace ƙungiya ba. A fitar da ɗan wasan nan take. A naɗe ƙanƙara a cikin tawul, ko da daskararren ruwan leda ne, a ɗora na minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan kowace awa biyu ko uku. A ɗaure wurin da bandeji mai talewa, ba tamau ba. Idan yatsu suka fara sanyi ko suka dena ji, a sassauta. Sannan a kwanta a ɗora ƙafar bisa matashi ta ɗara ƙirji tsawo.

Likitan Amurka Gabe Mirkin ne ya yayata wannan tsari a 1978, kuma shi da kansa ya yi masa gyara a 2014: ƙanƙara tana rage raɗaɗi, amma ba ta gaggauta warkewa, haka kuma dogon kwanciya yana jinkirta ta. Ke nan bayan kwana biyu ko uku, a fara motsa gaɓar a hankali, a riƙa takawa gwargwadon yadda ciwo ya bari.

Ba kowane rauni ne ake jinyarsa a gida ba. Tun 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da ma'auni mai sauƙi: idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko kuma ya ji zafi sosai da aka danna ƙashin idon sawu, to a je a ɗauki hoton ƙashi. Haka nan idan gaɓa ta karkace, ko gwiwa ta yi ƙara ta kumbura nan take. Mai ɗori yana da ƙimarsa a cikin al'umma, amma hannu ba ya ganin tsagewar ƙashi. Asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano don irin wannan aka gina su. Wanda kuwa ya bugu a ka, ya ji jiri ko ya rikice, kada ya koma fili a wannan rana ko da ya rantse ya warware.

Babbar matsalar ita ce gaggawa. Farkon kaka lokaci ne na neman gurbi, yaro yana tsoron idan ya ce yana ciwo wani zai gaje lambarsa. Sai ya haɗiyi diclofenac ko tramadol ya shiga fili. Ƙwayar tana danne zafin ne kawai, yagewar na nan tana ƙaruwa. Yawan shan irin su diclofenac, musamman a jikin da gumi ya tsotse, yana iya taɓa ƙoda da ciki. Tramadol kuwa, ban da jarabar da take sawa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024.

Ba ranar wasa ce za ta yanke lokacin dawowa ba, ƙafar ce za ta faɗa. Sai ɗan wasa ya iya tafiya ba ɗingishi, ya yi sassarfa, ya yi tsalle a kan ƙafa ɗaya, ya juya da gudu ba tare da ciwo ba. Idon sawun da ya taɓa targaɗewa ya fi saurin sake targaɗewa, don haka atisayen tsayuwa a ƙafa ɗaya da ɗaure wurin kafin wasa suna da amfani na tsawon watanni.

Rigakafin ma a hannu yake. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ minti 20 kacal yake ci, kuma ba ya buƙatar na'ura. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan matasa 416 na gasar yara ta Legas ya nuna ƙungiyoyin da suka bi tsarin sun samu raguwar raunuka da kashi 41 cikin ɗari.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ƙwallon ƙafa na jihohi da su sa akwatin taimakon gaggawa da horon kociyoyi cikin sharuɗɗan yi wa ƙungiya rajista. Masu ɗaukar nauyin kofuna, musamman 'yan siyasa, su ware kuɗin likitan gashin ƙashi kamar yadda suke ware na riguna. Kociyoyi kuma su tabbatar wa yaransu cewa faɗin ciwo ba ya raba mutum da lambarsa. Rasa ɗan wasa na wasanni biyu a farkon kaka ya fi sauƙi a kan rasa shi har ƙarshenta.