MUN CI ABUJA, MUN SHA KAYE A GIDA: KU SAURARI BAFFANA KAFIN 18 GA MARIS

Na san wannan rubutu ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ranar Laraba 1 ga Maris, da muka fito sallar asuba, labari ya riga ya karaɗe gari cewa Farfesa Mahmood Yakubu ya bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya ci zaɓe da ƙuri'u 8,794,726. Da murnata na nufi wajen Baffana, ƙanin mahaifina, na tarar da shi a ƙofar gida yana loda taki a amalanke, rediyonsa na rataye a reshen darbejiya. Na ce, "Baffa, barka, mun ci." Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kun dai ci, ɗana. Allah Ya sa shi ne mafi alheri."

Wannan "kun" ɗin ita ta hana ni sukuni har yau.

Ku san waye Baffa. Tun 2003 yake dangwala wa Buhari: a masara lokacin ANPP, a alƙalami lokacin CPC, a tsintsiya tun 2015. Bai taɓa karɓar taliya ko sabulu a bakin akwati ba. Mutum ne mai riƙon al'ada da addini, wanda ba ya son sauye-sauye. Ranar 25 ga Fabrairu ma tsintsiya ya zaɓa, kuma ya faɗa mini dalili ƙarara: Musulmi biyu ne a takardar, shi ke nan. Amma 'ya'yansa uku da matansu duk kayan marmari suka dangwala, kuma bai hana su ba. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Da wane baki zan hana su?"

Ya tuna mini yadda ya kai dawarsa Dawanau ana tsakiyar ƙarancin kuɗi, mai saye ya ce sai dai tiransifa, shi kuwa ko asusun banki ba shi da shi. Ya karyar da kayansa ga wanda ke da tsabar kuɗi a hannu, ya dawo gida da asara. Na ce masa ai gwamnoninmu na Kaduna, Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara Kotun Ƙoli kan canjin kuɗin. Ya ce, "Wanda ya sa hannu a canjin, ɗan wace jam'iyya ce?" Wallahi ban da amsa.

To, ga inda nake da faɗa da wasu daga cikinmu. Tun da sakamako ya fito, abin da kawai nake gani a Facebook shi ne zagin talakawa: butulai ne, an saye su, jar hula ta ruɗe su. Haba jama'a! Ku duba lissafi mana. A 2015 Kano ta ba Buhari ƙuri'u 1,903,999. A 2019 ta ba shi 1,464,768. A 2023 Tinubu ya samu 517,341, Kwankwaso ya kwashe 997,279. Kuna so ku ce mutum kusan miliyan ɗaya da suka bar mu cikin shekara huɗu duk butulai ne? A nan Dawakin Tofa, mahaifar mai girma gwamna na wancan lokacin, NNPP ce ta zo ta ɗaya, kuma kujerar majalisar wakilai ta Dawakin Tofa, Tofa da Rimin Gado ba mu same ta ba. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Wasu za su ce, to ai mun ci ƙasa, me ya rage? Ƙuri'un wasu jihohi ne suka kai mu Abuja, kuma ba za su zo su tsaya mana a layin Dawanau ko Ganduje ranar zaɓen gwamna ba. Wasu kuma sun dogara da cewa dattawa irin Baffa namu ne har abada, don malamai sun yi magana. Wannan kuskure ne babba. A zaɓen gwamna, Gawuna Musulmi ne, Abba ma Musulmi ne. Hujjar da ta riƙe Baffa a watan jiya ba ta da aiki ranar 18 ga Maris. Abin da zai duba shi ne kuɗin buhun taki, da malamin makarantar jikokinsa, da wanda ya zo masa jaje lokacin da ya yi asara.

Ni ma ban wanke kaina ba. Wata uku na yi ina yawo da matasa a kan babura, muna kiɗa muna ɗaga tsintsiya, amma ban taɓa zama a tabarmar Baffa na tambaye shi me ke damunsa ba. Ƙuri'arsa na ɗauka gadona ce.

Saboda haka kirana ga shugabannin mazaɓu da matasanmu: a daina zagin mutane a intanet. A bar gangami, a shiga zaure-zaure da majalisun bayan la'asar. Wanda ya ce ya sha wahala, kada ka yi masa musu, ka ce gaskiya ne, ka ba shi haƙuri, sannan ka roƙe shi. Wanda ya ga wannan magana cin amanar jam'iyya ce, ya zo mu haɗu a ƙofar gidan Baffa ya maimaita a gabansa.

Jiya na sake komawa na tambaye shi wa zai yi a zaɓen gwamna. Ya ce, "Bari in gama kai taki tukuna."

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya zaunar da Kano lafiya.