An Kwashe Bola, To Ina Anka Kai Ta?

Jama'a, tambaya guda gare ni yau, kuma 'yan jam'iyyarmu nake yi wa ita kafin kowa. Duk lokacin da anka yi aikin kwashe shara a garuruwanmu, sai kafafen nan su cika da hotuna: ga tifa, ga katafila, ga shugaba sanye da hular kwano da safar hannu, ga yara 'yan soshiyal midiya suna rubuta "aiki sai mai shi". Madalla, muna murna. Amma cikin masu ɗora hotunan nan, wa ya taɓa bin tifar ya ɗauko mana hoton wurin da ta juye kayanta?

Ba wanda ke bi, don an san amsar. Tifa ba ta zuwa nesa, man dizal tsada gare shi. Direba yana fita bayan gari, rami na farko da ya gani nan zai ɗaga bodi. Kuma a ƙasarmu ta Achida, Wurno, Rabah da Goronyo, rami na farko ko dai kududdufin da anka haƙi ƙasar gini ne, ko gaɓar kwari, ko bakin fadama. Wato an ɗauke ƙazanta daga inda ido ke ganinta an kai ta inda baki zai sha ta.

Mu da ke wannan yanki a kan ruwa muke zaune. Gulbin Rima ya ratso Goronyo ya biyo ta ƙasar Wurno, gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah, su haɗu kusa da birnin Shehu. Dam ɗin Goronyo da anka kammala a 1984 an gina shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, shi ke shayar da noman rani na tsakiyar kwarin Rima, kuma ruwan da yake saki shi ne babban abin da famfunan birnin Sakkwato suka dogara da shi. Albasa, tafarnuwa, shinkafa da alkamar da muke alfahari da su, waɗanda ake lodawa a kasuwar Achida a yi kudu da su, duk 'ya'yan fadama ne. Tun farkon shekarun 1990 da shirin Fadama ya shigo da tallafin Bankin Duniya, manomi ya koyi huda ƙasa da ɗan bututu ya kafa injin ya ja ruwa. Me ya sa abin ya yi sauƙi haka? Don ruwan kusa yake, 'yan mitoci kaɗan ƙarƙashin ƙafarka. Wannan kusancin da ya zame mana arziki, shi ne kuma ya sa ba mu da kariya. Ƙasar fadama da yashin gulbi ba sa tace komai yadda ya kamata. Abin da ka zuba sama, damina ɗaya ta isa ta kai shi ƙasa.

Wani dattijo zai ce da ni: yaro, juji ai taki ne, tun kakanni da shi muke gyaran gona. Baba, gaskiyarka, amma jujin da ka sani ba shi ne na yau ba. Jujin da toka ce, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da buntun shinkafa, da karan dawa. Jaki ya ɗauka a mangala ya kai gona, ƙasa ta cinye ta yi godiya. Je ka tona jujin yau ka gani. Ledar fiya wata ce, da mataccen batirin tocila da na sola, da fasasshiyar waya, da allura da sirinji daga shagunan magani, da baƙin mai daga garejin makanikai, da kunzugun yara na zamani, da robobin maganin feshi waɗanda har yanzu da sauran guba a gindinsu. In ruwan sama ya ratsa wannan tarin, wani baƙin ruwa mai wari ke tsatsafowa daga ƙasansa, duk wanda ya taɓa wucewa gefen bola a watan Agusta ya san shi. Cikinsa akwai dalma da sauran ƙarafa masu guba daga batir, akwai ƙwayoyin cuta daga kashi. Ƙwayar cuta ko ta mutu in an tafasa ruwa, dalma ba ta mutuwa. Tafasawa ma ƙara mata kauri take yi.

Kuma mu 'yan wannan shiyya ba mu da hujjar cewa ba mu san aikin dalma ba. A 2010 maƙwabtanmu na Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sun binne yara sama da 400 saboda gubar dalma. Na san tasu daga dutsen zinari ta fito, ba daga bola ba, kada wani ya yi saurin gyara mini. Abin da nake nunawa shi ne yadda take kisa: shiru, ta fara da ƙananan yara, wanda ya tsira kuma sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu har abada. Sannan ga amai da gudawa. A 2021 hukumar NCDC ta lissafa mutum sama da dubu 100 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,500 sunka rasu, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Cutar nan ba iska ke kawo ta ba. Hanyarta guda ce, daga kashi zuwa ruwan sha ko abinci.

Sai kuma ambaliya. Wanda ya ga Satumbar 2010 ba ya buƙatar a ba shi labari. Rima ya cika ya batse, ƙauyuka sunka nutse daga Goronyo har ƙasa, hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta yanke. Ruwan da ya ci gida ya ci rumbu, kana tsammanin zai ga bola ya kauce mata? Duk jujin da ke cikin hanyar ruwa, ranar da gulbi ya tashi, rabonsa za a yi gida gida, rijiya rijiya. A 2018 kuma munka ga ɗaya fuskar, lokacin da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta ce ruwan dam ɗin Goronyo ya koma kusan kashi 10 cikin 100. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ɗan abin da ya rage a ƙasa shi kowa ke rububi, mutum da dabba.

To dokar fa? Nan ne abin ke ba ni haushi, don ba rashin doka ke damunmu ba. Tun bayan da anka jibge gubar masana'antu daga Italiya a garin Koko a 1988, Najeriya ta farka ta fara kafa dokokin muhalli. Akwai dokar 1992 da ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Akwai hukumar NESREA tun 2007. A 2009 an fitar da ƙa'idoji na musamman kan tsafta da zubar da shara, an kuma fitar da wasu kan fadamu da gaɓar koguna da tafkuna. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa. Duk suna nan a takarda, cikin Turanci, a Abuja. Amma ka tari direban tifa ka tambaye shi nisan da doka ta ce ya bari tsakaninsa da rijiya, dariya zai yi maka. Kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa wuri ya ce nan ne, ban da nan ba.

Wa ke da alhakin nuna wurin? Jadawali na huɗu na tsarin mulkin nan ya sa zubar da shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ƙarara. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko kan filayen karkara. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi a hannunsu ya kamata su shiga. Mun yi ta tafi a wannan shafi ranar. To ranka ya daɗe ciyaman, 'yancin da munka yi wa tafi ba na sayen motoci da rabon atamfa kaɗai ba ne. Ga aiki nan da ba ya buƙatar izinin kowa.

Abin da muke nema ba wani abu ne daga Ingila ba. Majalisar kansiloli ta kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan ta zauna ta yi doka gajera, a rubuta ta da Hausa da ajami, a karanta ta a masallatan Juma'a da bakin kasuwa. Ta ce ba a kafa bola cikin fadama, ba a kafa ta a duk inda ruwan 2010 ya kai, ba a cike kududdufi da shara, kuma a bar tazara tsakaninta da kowace rijiya ko burtsatse. Ni a ganina kada ta gaza mita 500, amma a kira masana ƙasa da ruwa na jami'armu su auna su faɗi tasu, ba a rasa su ba. A nemi tudu mai ƙasar laka, can nesa da gulbi, inda ruwan ƙasa ke da zurfi, a daɓe ƙasan ramin da yumɓu, a kewaye shi, a riƙa rufe sharar da ƙasa. Sharar shagunan magani da batir a ware su daban. Jini da tumbin mayanka a ranar kasuwa kada su gangara kwari. Abin da ke ruɓewa a bar wa manoma, su sun san darajarsa. Kuma duk ɗan kwangilar da anka ba kwasar shara, kada a biya shi sai mai unguwar wurin da anka keɓe ya sa hannu cewa nan tifa ta juye. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi za a fi ƙi, ku sa ido ku gani, don shi ne ke taɓa aljihu.

Na san abin da 'yan uwanmu na ɗaya ɓangaren za su rubuto ƙarƙashin wannan rubutu. Za su ce ana kashe mutane kana maganar bola. Wallahi ba wanda zai koya wa ɗan gabashin Sakkwato zafin 'yan bindiga. Ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba. Amma ku duba da kyau, mutanen da anka koro daga ƙauyukansu ina suke zaune? A gefen gari, a kangaye da filayen da ba kowa, daidai inda ake juye shara, kuma su ne ba su da kuɗin sayen ruwan leda. Matar da ta tsere wa bindiga da goyonta, ta zo ta rasa shi ga gudawa a bayan garinmu, me za mu ce mata? Cewa muna jiran a gama da tsaro tukuna?

Za su kuma ce muna tona asirin jam'iyya, muna ba 'yan adawa makami. 'Yan adawar ai sun yi nasu mulkin a jihar nan, ba su keɓe wurin ba su ma, don haka ba su da bakin magana. Kowace jam'iyya ta riƙe tsintsiya ko lema ta ɗauki hoto gaban bola. Mu da muke cewa mun fi su, da me za mu nuna? Malamanmu kullum suna karantar da mu hadisin da ya hana yin bahaya a mashayar jama'a da kan hanya da inuwar da ake hutawa. In mutum guda da buta ya shiga wannan gargaɗi, ina ga hukumar da ta aiko tifa goma?

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya zauna Wurno, inda kabarinsa yake tun 1837, ya zaunar da jama'a a bakin wannan kwari ne don su yi noma su yi sana'a su tsare iyaka. Fadamar da ya gani ita ce dai muke ci har yau, ba a ƙara mana wata ba.

Don haka ga matsayata, kuma ina roƙon shugabannin wannan ɓangare namu su ɗauke ta. Duk mai neman kansila, ko ciyaman, ko kujerar majalisar jiha daga Wurno, Rabah ko Goronyo, in ya zo neman goyon bayanmu, kafin a yi maganar fosta da kuɗin mota a tambaye shi: a ina za a zubar da sharar mazaɓarka? Ya faɗi sunan wurin, mu je mu gani da idonmu ko tudu ne ko kwari. Ku kuma matasan da ke da waya da data, wata mai zuwa in an fito aikin tsafta, ku bar shugaba da masu ɗaukar hotonsa, ku hau mashin ku bi tifar. Ku turo mana hoton inda ta tsaya, da sunan unguwar, da nisan wurin da rijiya mafi kusa. Za mu ɗora shi a wannan shafi, ko ciyaman ɗin namu ne.