Ragon Suna Ba Ya Gadar Da Imani

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata mun ga ya dace mu jawo hankali zuwa ga wani al'amari da ya zama ruwan dare a ƙasashen Turai da Amurka, wanda kuma darasinsa ya shafi kowane magidanci a cikinmu. Al'amarin kuwa shi ne na mulhidai, wato mutanen da suka fito fili suka ce babu Allah, babu tashin ƙiyama, babu hisabi, amma duk da haka sai a tarar da su a sahun gaba a coci ranar da za a yi wa jariri baftisma, ko ranar ɗaurin aure, ko ranar jana'izar kaka. Suna miƙewa idan an miƙe, suna sunkuyar da kai idan an sunkuyar, sa'annan su koma gida su ci gaba da renon 'ya'yansu ba tare da an taɓa ambaton Mahalicci a gabansu ba.

A shekarar 2011 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Elaine Howard Ecklund da Kristen Schultz Lee, suka fitar da sakamakon wani bincike da aka gudanar a kan masana kimiyya na manyan jami'o'i 21 na ƙasar. An gano cewa kashi 17 cikin ɗari na mulhidan cikinsu masu 'ya'ya sun halarci wurin ibada fiye da sau ɗaya a cikin shekara guda. Da aka nemi jin dalili, wasu suka ce matansu ko mazajensu ne masu addini, wasu suka ce suna neman jama'ar da iyalinsu za su jingina da ita, wasu kuma suka ce so suke yaran su ga addini da idonsu domin in sun girma su zaɓa wa kansu. Hatta Richard Dawkins, masanin halittu ɗan Ingila wanda ya wallafa littafi a 2006 yana kiran imani da Allah ruɗu, ya sha bayyana kansa a matsayin Kirista na al'ada. A 2024 ya sake nanata cewa yana ƙaunar waƙoƙin coci da manyan gine-ginenta, alhali bai gaskata komai daga cikin aƙidar ba.

Wasunsu kuma da suka ga zuwa coci ya yi musu nauyi, sai suka ƙirƙiro bukukuwan da za su maye gurbin na addini. A Faransa iyaye na iya kai jariri ofishin magajin gari a yi masa abin da suke kira baftismar jamhuriya, a naɗa masa iyayen goyo, ba tare da fada ko addu'a ba. A ƙasar Norwe, tun daga 1951 ake shirya wa matasa bikin shiga balaga wanda ba ruwansa da coci. A Jamus ta Gabas gwamnatin gurguzu ta rungumi irin wannan biki daga 1955 ga yara 'yan shekara 14, har ya kai ga fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran suna shiga. A Landan kuwa, a watan Janairun 2013, wasu 'yan wasan barkwanci biyu suka buɗe taron ranar Lahadi a wani tsohon ginin coci, ana waƙa, ana jawabi, ana shan shayi, amma babu abin bauta. Taron ya bazu zuwa birane da dama, kafin rassa masu yawa su rufe cikin 'yan shekaru.

Abin lura na farko a nan shi ne, duk wannan shaida ce a kan fiɗirar da Allah (S.W.T.) Ya halicci ɗan Adam a kanta. Mutum na iya musun Ubangijinsa da harshe, amma ranar da aka miƙa masa jinjirinsa, ko ranar da ya tsaya a bakin kabarin mahaifiyarsa, zuciyarsa ba ta yarda cewa abin da ke faruwa motsin ƙwayoyin halitta ne kawai ba. Dole ta nemi taro, ta nemi kalmomi masu nauyi. Adalci kuma ya sa mu faɗa cewa da yawa daga cikin waɗannan iyaye masu son 'ya'yansu ne, kuma girmama tsofaffinsu ne ke kai su waɗannan wurare. Sai dai kyakkyawar mu'amala ba ta sauya sakamakon abin da aka shuka.

Mene ne sakamakon? A 2005 wasu masana halayyar al'umma biyu, David Voas da Alasdair Crockett, suka nazarci iyalan Birtaniya, suka samu cewa idan uwa da uba duka ba su da addini, to kusan dukkan 'ya'yansu haka suke tashi. Idan duka biyun masu addini ne, kusan rabin 'ya'yan ne ke riƙe shi. Idan kuwa ɗaya ne mai addini, adadin sai ya sake raguwa da rabi. Ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta gaskata su: a 2001 kusan kashi 72 cikin ɗari suka ce su Kiristoci ne, a 2021 kuwa 46.2 ne kawai, yayin da masu cewa ba su da addini suka tashi daga kusan kashi 15 zuwa 37.2. Ba duk waɗannan ne mulhidai ba, amma alƙiblar a fili take, kuma duk tsawon shekarun nan ba a fasa bikin Kirsimeti ba ko sau ɗaya. A gabashin Jamus katangar Balin ta faɗi tun 1989, gurguzu ya kau, amma yankin yana nan cikin wuraren da suka fi ƙarancin masu imani a duniya. Kaka ta yi imani ta yi biki, ɗa ya yi biki babu imani, jika ya tashi bai ga dalilin bikin ba ma.

Wannan kuwa shi ke rusa hujjar nan ta cewa a bar yaro ya girma ya zaɓa. Babu uban da ke barin ɗansa ba harshe sai ya balaga ya zaɓi wanda zai yi magana da shi, babu kuma uwar da ke jinkirta hana ƙarya da sata har sai yaro ya kai shekara 18. Duk abin da iyaye suka ɗauka gaskiya ne kuma muhimmi, tun a zanin goyo suke fara cusa shi. Saboda haka yaron da ya ga an koya masa komai an bar addini kaɗai a gefe, ya riga ya fahimci matsayin addini a wajen ubansa. Shirun ma karantarwa ce. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana cewa a kan fiɗira ake haihuwar kowane yaro, iyayensa ne ke karkatar da shi zuwa wani addini. Gidan mulhidi bai fita daga wannan ƙa'ida ba.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Kiristoci ce. Tarihin 'yan'uwanmu na Asiya ta Tsakiya, ƙasar su Imamul Bukhari da Imamut Tirmizi, ya ishe mu misali. A ƙarƙashin mulkin Tarayyar Sobiyet an rufe dubban masallatai, an sauya rubutun Larabci da na Latin a ƙarshen shekarun 1920, sa'annan da na Rasha a wajen 1940, har ya zama jika ba ya iya karanta littafin kakansa. Makarantar Mir Arab ta Bukhara, wadda aka sake buɗewa bayan yaƙin duniya na biyu, ta daɗe ita kaɗai ce makarantar addini da hukuma ta yarda da ita. Amma a duk wannan zamani kaciya da ɗaurin aure da jana'iza irin ta Musulmi ba su ɓace ba, har jami'an jam'iyyar gurguzu da ke shelar ilhadi a ofis sukan yi wa 'ya'yansu kaciya a gida. Da daular ta rushe a 1991, sai aka tarar da miliyoyin mutane masu sunan Musulunci waɗanda ba su san yadda ake salla ba. Bukukuwa sun tsare suna. Ilmi kuwa wasu bayin Allah ne suka tsare shi, irin su Malam Muhammadjan Hindustani wanda ya rasu a 1989, waɗanda suka riƙa karantar da ɗalibai a ɓoye cikin ɗakuna, suna sane da cewa kurkuku na jiransu in an kama su.

To, Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwanmu da neman ilmi ko abinci ya kai su Turai da Amurka, a tsakiyar wannan iska suke renon 'ya'yansu. Cibiyar bincike ta Pew ta ruwaito, daga bincikenta na 2014, cewa kusan kashi 23 cikin ɗari na waɗanda suka tashi a gidajen Musulmi a Amurka sun daina kiran kansu Musulmi, duk da cewa masu shiga Musulunci sun kusa cike gurbin. Mu da ke gida ma wayar salula ta rushe katangar da ke tsakaninmu da waccan iska, domin shubuhar da aka rubuta a Landan da safe, kafin azahar tana hannun ɗalibi a Kano ko Damagaram.

Sai mu tambayi kanmu da gaskiya: me ya bambanta gidajenmu da waɗancan? An haihu, ranar bakwai an yanka rago, an raba goro, wanzami ya yi aski, mata sun fito da anko, maroƙa sun cika aljihu, an sa wa yaro sunan annabi ko na sahabi. Daga nan fa? Sau nawa uban ya zaunar da yaron ya gaya masa wane ne mai sunan, kuma me ya sa muke bin sa? Yaro yana ganin ɗinkin Salla duk shekara, amma bai taɓa ganin ubansa ya tashi sallar asuba ba. Yana jin ana tafsiri a rediyo cikin azumi, yana kuma ganin ana tauye mudu a shago. Ba muna cewa irin wannan uba mulhidi ne ba, Allah Ya kiyaye. Muna cewa ne abin da yake miƙa wa ɗansa ɓawo ne, kuma ɓawo ba ya tsira in an shuka shi. Aƙiƙa sunna ce tabbatacciya, amma Manzon da ya sunnanta ta shi ne kuma ya yi umarni a koya wa yara salla tun suna shekara bakwai, ya kuma sanar da mu cewa kowane magidanci makiyayi ne da za a tambaya game da kiwonsa. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ta ɗora wa muminai nauyin kare kansu da iyalansu daga wuta. Annabi Yaƙub (A.S.) yana kan gargara, abin da ya tambayi 'ya'yansa shi ne wa za su bauta wa a bayansa, kuma wasiyyar Luƙman ga ɗansa da hani ga shirka ta fara.

Akwai kuma tambayar da wasu iyalai ke ɓoyewa saboda kunya: yaya za a yi da ɗa ko ƙane wanda shakka ta shige shi, yana zuwa suna da Idi da ta'aziyya don kada a yi da shi, amma zuciyarsa na wani wuri? Matsayinmu a nan a sarari yake. Shari'a da zahiri take hukunci, kuma Suratul Hujurat ta hana mu mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Usama bin Zaid (R.A.) faɗa mai tsanani a kan yanke hukunci bisa abin da ke cikin zuciyar wani. Da Asma'u 'yar Abubakar (R.A.) ta tambaye shi game da mahaifiyarta mushrika da ta kawo mata ziyara, umartar ta ya yi da ta sada zumunci. Hukunce-hukuncen aure da gado da makamantansu aikin malamai ne da alƙalai, ba na matasa masu zafin kai ba, kuma duk wanda ya ɗauki doka a hannunsa ya saɓa wa addinin da yake da'awar karewa. Mai tambaya a amsa masa da ilmi. Sahabbai da kansu sun kai kukan waswasi wajen Manzo (S.A.W.), bai kore su ba, kwantar musu da hankali ya yi. Sau da yawa tsawar jahili ce ke mayar da ƙaramar shakka ta zama ridda. 'Ya'yan irin wannan mutum kuwa jininmu ne, hakkinsu ne su sami kawu ko gwaggo da za su ga Musulunci a aikace a wajensu.

Mun sani shiriya a hannun Allah take. Ɗan Annabi Nuhu (A.S.) ya halaka a ruwan ɗufana, Annabi Ibrahim (A.S.) kuma ya fito daga gidan bautar gumaka. Abin da za a tambaye mu shi ne ƙoƙari. Don haka muna kira ga 'yan'uwa a dukkan rassa da su rage ɓarnar dukiya a wajen suna da biki, su karkatar da ita ga karatun yaran da kyautata wa malaman Islamiyya, waɗanda da yawansu ke wata da watanni ba a biya su ba. Kowane magidanci ya ware lokaci a mako ya zauna da iyalinsa a kan tauhidi da sira, ya kuma bar ƙofar tambaya a buɗe. Malamanmu su nazarci shubuhohin ilhadi na wannan zamani da kyau, domin maganin jiya ba lalle ne ya warkar da ciwon yau ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shiryar da mu da zuriyarmu, Ya tabbatar da dugaduganmu a kan Sunna, Ya sa mu cika da imani. Amin.