Diyyar Ɓata Suna: Abin Da Ake Nema Da Abin Da Ake Samu

A cikin watan Oktoba na 2018 ne jaridar Daily Nigerian ta fitar da hotunan bidiyo waɗanda ta ce suna nuna Gwamnan Kano na lokacin, Dr. Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli. Gwamna ya musa, ya kai ƙarar jaridar da editanta Malam Ja'afar Ja'afar gaban Babbar Kotun Kano, yana neman diyyar Naira biliyan 3 saboda ɓata suna. Aka yi ta ɗage shari'a har Yuli 2021, sa'an nan mai ƙara ya janye ƙararsa, kotu kuwa ta umurce shi ya biya waɗanda ya yi ƙara Naira 800,000 saboda ɗawainiyar da suka yi. Ba mu da hurumin cewa wane ke da gaskiya, gama kotun ba ta kai ga wannan ba. Lissafin kuɗin shi ne abin dubawa.

Ma'aikacin da ke kan albashi mafi ƙanƙanta na Tarayya, watau Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024, sai ya yi fiye da shekara 3,500 yana aiki bai ci bai sha ba kafin ya tara biliyan 3. To, wace jarida ce a Arewa za ta biya wannan? Mai ƙara ya sani, lauyansa ma ya sani. Adadin da ake rubutawa a takardar sammaci ba shi ke ɗaure alƙali ba, amma shi ake bugawa da manyan baƙaƙe, shi kuma ke hana edita barci shekara uku.

Dokar da muka gada daga Ingila tana taimakon mai ƙara ƙwarai. In an buga magana mai zub da mutunci, ba sai ya nuna hasarar ko sisin kwabo ba. Jarida ce za ta tabbatar da cewa abin da ta faɗa gaskiya ne. Awon diyya kuwa yana hannun alƙalin farko. Tun 1951, a shari'ar kamfanin Zik's Press da Alvan Ikoku, malamin makarantar nan da hotonsa ke kan takardar Naira 10, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta nuna ba za a taɓa diyyar da aka yanke ba sai in an bi ƙa'idar da ba daidai ba, ko kuwa kuɗin ya yi yawa ko kaɗan ƙetare hankali.

Su kansu Ingilishi sun ga illar abin. A 1989 aka yanke wa mujallar Private Eye fam 600,000, da aka ɗaukaka ƙara aka daidaita a kan fam 60,000. A wannan shekara kuma aka ba Lord Aldington fam miliyan 1 da rabi, har Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce a 1995 wannan ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Amurka ta riga su: a 1964 Kotun Ƙoli ta soke diyyar dala 500,000 da aka ɗora wa New York Times, ta ce mai riƙe da muƙami ba zai ci diyya ba sai ya tabbatar jarida ta san ƙarya take yi, ko ta yi ko-in-kula da gaskiya.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Shanga da rigimar manya? Da ruwansa. Labarin ƙasar Yawuri ba ya isa Abuja sai ta bakin wakili guda ko biyu. Da jirgin ruwa ya kife da ɗimbin mutane wajen Wara ta Ngaski a Mayu 2021, da kuma aka sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri ran 17 ga Yuni na shekarar, duniya ta ji, domin babu mai iya ɓoye irin wannan. Amma ajin da aka biya kuɗinsa ba a gina ba, da rijiyar da ke cikin takarda kaɗai, waɗannan dole sai an ambaci sunan wani, kuma nan ne edita ke tuna biliyan 3 ya ajiye alƙalami.

Kada a ɗauka muna wanke 'yan jarida. Mun san mutunci ya fi dukiya, kuma akwai masu rubutu da ba su bincike. Sai dai a lura da wanda diyyar ke karewa. Hedimasta ko akawun ƙaramar hukuma da aka yi wa ƙarya ba shi da kuɗin lauya, balle haƙurin shari'ar shekaru. Abin da ke gabansa a wanke shi inda aka ɓata shi, tun jama'a ba su manta ba.

Saboda haka muna ganin ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ta duba dokar ɓata suna. A tilasta wa mai ƙara ya fara neman gyara da ban haƙuri a shafin da aka yi laifin, cikin kwanaki ƙididdigaggu. In jarida ta yi, a rage diyya. In ta ƙi, a tsananta mata. Wanda kuma ya nemi biliyoyi sa'an nan ya janye, a biya wanda ya ja kotu cikakken abin da ya kashe, da kuɗin lauya da na mota duka.