SHARHI: Bayan an cire bandeji, wa ke ƙirga idanun da suka gani a gabashin Sakkwato?

Duk lokacin da aka shirya aikin ido kyauta a Arewa, adadi ɗaya ake shelantawa, wato yawan mutanen da aka yi wa tiyata. A ɗauki hoton dattawa jere da bandeji, a yi wa mai ɗaukar nauyi godiya, a watse. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan makonni shida, mutum nawa ne a cikinsu ke gani sosai. Ga dattijon da ya koma Boyekai a ƙaramar hukumar Goronyo, ko wani ƙauye na Wurno ko Rabah, amsar wannan tambaya ce ke raba komawa gona da zaman jiran ɗan jagora.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makantar. Ciwo ne mai magani: likita ya cire ƙwayar cikin ido da ta yi hazo, ya dasa ta roba a madadinta.

Binciken ya kuma nuna cewa kusan kashi 43 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu aikin gargajiya ne suka taɓa su, ta hanyar tura yanar cikin ido da tsinke, kuma kimanin kashi 73 cikin 100 na waɗannan idanu ba sa gani. Abin da ke raba mutanen karkara da wannan hanya shi ne shaidar maƙwabcin da aka yi wa aiki a asibiti ya dawo yana gani. Idan ya dawo yana lalube, labarin zai riga kowace sanarwar rediyo isa ƙauye.

Jihar Sakkwato ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 2005 ta fara shirin kula da lafiyar ido tare da ƙungiyar Sightsavers, kuma binciken da aka yi a shiyyar Wurno a 2016 ya nuna makanta ta ragu a tsakanin masu shekara 50 zuwa sama. Sai dai ma'aunin duniya ya sauya. A 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da burin ƙara maki 30 cikin 100, kafin 2030, a kan yawan masu buƙatar aikin yana da aka yi musu kuma suka samu gani mai kyau. Aikin da bai dawo da gani ba, ba ya shiga wannan lissafi.

Abubuwa uku ne galibi ke ɓata sakamako. Na farko, rashin tantancewa, domin idon da hawan jinin ido ya riga ya lalata jijiyarsa ba zai farfaɗo don an cire yana ba. Na biyu, rashin auna ido kafin a zaɓi ƙarfin ƙwayar roba. Na uku, rashin bibiya: majiyyaci na buƙatar a duba shi washegari, a sake dubawa bayan makonni, a ba shi maganin ɗigawa, wani lokaci da tabarau.

A nan matsalar tsaro ke shigowa. Harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, wanda ya hallaka gwamman mutane, ya nuna irin hatsarin da ke tattare da zirga-zirga a yankin. Tsohuwar da sai an biya kuɗin mota na mutum biyu kafin ta isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a birnin Sakkwato, da wuya ta koma sau biyu.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ba matasa hujjar tuntuɓar shugabanninsu na kusa. Horar da ma'aikacin lafiya ɗaya a kowace cibiyar mazaɓa ya iya gwajin gani da gano alamun kumburi ba ya buƙatar kasafi mai nauyi. Haka nan Ma'aikatar Lafiya ta jiha na iya sharɗanta wa duk mai shirya aikin ido kyauta ya dawo bayan makonni shida, ya kuma miƙa rahoton sakamako a rubuce.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma aikin ido kyauta na cikin ayyukan jinƙai da 'yan siyasa ke so. Duk ɗan takarar da ya faɗi yawan idanun da aka yi wa aiki da kuɗinsa, ya dace matasan Goronyo, Wurno da Rabah su tambaye shi nawa ne suka gani, kuma wa ya auna.