A SAYAR DA WAYA, A BAR ASIRI A GIDA

A wannan fitowa mun ga ya dace mu ja hankalin magidanta da iyayenmu mata da matasa a kan wani al'amari da ake yi kullum a unguwarmu ta Luggere da maƙwabtanta irin su Doubeli da Rumde da Jambutu, amma ba a cika tsayawa a yi tunani a kansa ba, wato sayar da tsohuwar wayar salula. Idan buƙata ta taso, ko kuɗin makarantar yara, ko na magani, ko jari ya yi rauni, sai mutum ya ɗauki wayarsa ya nufi kasuwar Jimeta ya sayar, ko ya bayar ya yi ciko ya karɓi wata. Wannan ciniki ne halal, ba wanda ya hana. Abin da ke damunmu shi ne abin da yake bin wayar zuwa hannun wanda ba a sani ba.

Lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan a shekarar 2001, ba abin da ke cikinta sai lambobin mutane da 'yan gajerun saƙonni. Amma a 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fara yi wa kowane layi rajista da hoto da zanen yatsun mai shi. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Sai kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa mai shayi da mai nama da mai ƙosai karɓar kuɗi ta waya. Da haka waya ta zama adakar gida: kuɗin mutum da shaidarsa da asirin iyalinsa duk suna cikinta. Kuma mai hankali ba ya kai adaka kasuwa sai ya kwashe abin da ke ciki.

Mu ɗauki misalin magidancin da ya sayar da waya a gaggauce, ya manta da layinsa na biyu a ciki. Duk wanda layin ya faɗa hannunsa zai iya buga *565*0# ya ga lambar BVN ta mai layin, ya buga *346# ya ga lambarsa ta NIN. Saƙonnin banki da ke cikin wayar za su nuna masa bankin da mutumin yake ajiya da abin da ya rage masa. Lambar nan ta wucin gadi da banki yake turowa kafin a fitar da kuɗi, ita ma ta wannan layin za ta zo. In kuwa WhatsApp aka bari a buɗe, ɗan damfara zai rubuta wa 'yan'uwa da sunan mai wayar, ya ce ya shiga wani hali, a taimaka a turo kuɗi ta wani asusu. Mu da danginmu suke warwatse a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, wannan tarko ya fi saurin kama mu, domin ɗan'uwan da ke nesa ba zai iya leƙowa gida ya ga gaskiyar lamari ba, kuma zumunci ba zai bar shi ya yi jinkiri ba.

Bugu da ƙari, mafi yawan abin da ke cikin wayar mutum amanar wasu ne. Akwai hotunan matan gida da 'ya'ya mata a shigarsu ta cikin gida, akwai saƙon murya na sulhun aure, akwai hoton takardar asibiti da ta fili da katin zaɓe, akwai lissafin adashi da sunayen masu zubi. Waɗannan mutane ba su shiga cinikin ba, ba su ci ko kwabo daga kuɗin wayar ba, amma idan asiri ya tonu su ne za su fara jin kunya. Kuɗi idan ya salwanta ana iya neman wani. Hoton da ya shiga hannun ɓata-gari ya fara yawo daga waya zuwa waya, babu alƙalin da zai iya tattaro shi ya mayar.

Wani zai ce ai ya goge komai kafin ya sayar. To, sharewa iri-iri ce. Idan ka goge hoto ɗaya-ɗaya da hannu, sau da yawa wayar sunansa kawai take cirewa daga jeri, kamar wanda ya kankare rubutun jikin buhu amma hatsin yana nan ciki. A 2014 kamfanin Avast, masu aikin tsaron kwamfuta, sun sayi tsofaffin wayoyi 20 ta intanet, waɗanda masu su suka yi musu fomatin kafin sayarwa, amma duk da haka suka dawo da hotuna sama da 40,000, har da takardar neman bashi da wani ya cike. Wayoyin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan sun fi tsaro, domin suna ƙulle bayanai da wani mabuɗi na ɓoye, idan aka yi fomatin sai mabuɗin ya lalace, abin da ya rage ba ya karantuwa. Sai dai kowa ya san irin tsofaffin wayoyin da ke yawo a hannun talaka, daga wannan hannu zuwa wancan.

Ta fuskar doka, haƙƙinmu a fili yake. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariya a kan sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma bai tambayi mutum takardar shaidar asalin jiha ba. Dokar hana laifuffuka ta intanet ta 2015 ta haramta amfani da lambar sirrin wani ko yin sojan gona da sunansa don damfara. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC don sa ido a kan yadda kamfanoni da ma'aikatu suke riƙe bayanan mutane. Wanda aka cuta ya fara da sanar da bankinsa a rufe asusu, ya je ofishin kamfanin layi a toshe layin, ya kai rahoto ga 'yan sanda. Idan kamfanin layi ya yi masa riƙon sakainar kashi, yana iya kiran NCC kyauta a lamba 622. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, shari'a tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, kuma mutumin da ke neman na cefane ba shi da kuɗin sintiri tsakanin banki da caji ofis. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka muna ba jama'a shawarar kada waya ta fita daga gida da niyyar sayarwa sai an yi waɗannan abubuwa. Na farko, a kwashe lambobi da hotunan da ake buƙata a mayar da su sabuwar waya ko memori. Na biyu, a fita daga manhajojin banki da WhatsApp da Facebook da duk wani wuri da ake shiga da lambar sirri. Na uku, a cire asusun Google daga wayar, mai iPhone kuma ya cire iCloud; wannan ya zama dole ko don mai saye, domin idan ba a cire ba wayar tana iya ƙulle kanta bayan fomatin. Na huɗu, a buɗe wayar a cire dukkan layuka da memori, a duba ramin sau biyu. Na biyar, a yi fomatin, sannan a kunna a tabbatar ta tashi kamar sabuwa, tana neman a zaɓi harshe. Idan tsohuwar waya ce sosai, bayan fomatin a ɗauki bidiyon bango ko rufin ɗaki har ta cika, a sake yin fomatin, domin sabon abu ya danne tsoho. Ƙaramar waya mai tocila ita ma a goge saƙonninta da lambobinta da jerin kiran da aka yi.

Wanda karatun Turanci yake yi wa wuya ya sa ɗansa ko wani amintacce ya yi masa wannan aiki a gabansa, a gida. Kada a miƙa waya da lambar sirrinta ga mai shago a ce ya goge daga baya. Haka nan wayar da gilashinta ya mutu, kada a ɗauka abin da ke cikinta ya mutu, domin da an sa mata sabon gilashi komai zai bayyana. Ko a gyara a goge, ko a ajiye ta a gida, kafin a yi tunanin ba 'yan jari-bola. Layi kuwa ba abin sayarwa ko bayarwa ba ne ko kaɗan, domin da sunanka da zanen yatsunka aka yi masa rajista, kuma duk laifin da aka aikata da shi ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Abu na ƙarshe shi ne takarda. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, ana ganinta idan aka buga *#06#, kuma fomatin ba ya canza ta. Da ita jami'an tsaro suke bin sawun waya, su ga layukan da suka taɓa shiga cikinta. Idan wanda ya sayi wayarka ya yi aika-aika da ita, sunanka yana cikin jerin. Don haka a rubuta 'yar yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai sayarwa da mai saye, da irin wayar, da lambar IMEI, da kuɗin, da kwanan wata, shaida biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Wannan takarda tana kare mai saye daga zargin karɓar kayan sata, tana kare mai sayarwa daga laifin da bai sani ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A nan muna kira ga 'yan'uwanmu masu sana'ar saye da gyaran waya, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne, da su mayar da al'ada cewa ba za su karɓi waya ba sai an goge ta a gaban mai ita, idan kuma suka tsinci layi ko memori a ciki su nemi mai shi su mayar masa. Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa, kuma kasuwa tana bin mai amana. Har ila yau muna roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin mata su isar da wannan saƙo a wuraren suna da ɗaurin aure, kuma wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya rufa mana asiri, ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya