Sauya ƙyauren zuciya: aikin tiyata rabin tafiya ne, sauran rabin a gida ake yin sa

Masu bin ƙwallon ƙafa ba su manta da Nwankwo Kanu ba. A 1996, 'yan makwanni bayan ya jagoranci Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atalanta, likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa. An yi masa aiki a ɗaya daga cikin ƙyamaren zuciyar a Amurka, ya koma fili a 1997, ya shiga Arsenal a 1999, kuma a shekarar ya sake zama gwarzon ɗan wasan Afirka. Labarin yana ƙarfafa gwiwa. Sai dai Kanu yana da kuɗi da manyan likitoci a bayansa. Matashin da ke kabu-kabu a Maraɗi ko matar da ke daka a Damagaram, idan aka ce musu sai an sauya ƙyaure, lissafinsu daban ne.

Zuciya tana da ƙyamare huɗu, waɗanda ke aiki kamar bawul ɗin taya: su bar jini ya wuce gaba, su hana shi komowa. A Turai galibi tsufa ne ke lalata su. A nan yankin Sahel kuwa, yawancin masu wannan ciwo matasa ne, kuma asalinsa ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba. Ƙwayar cutar istireftokok kan kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Garkuwar jiki, garin yaƙar ƙwayar, sai ta afka wa gaɓoɓi da ƙyamaren zuciya. Bayan shekaru sai a ga haki, kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya sai da tarin matasan kai. Ƙididdigar duniya ta 2019 ta nuna mutane kusan miliyan 40 ne ke ɗauke da cutar, kuma tana kashe kimanin dubu 300 a shekara. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kanta.

Na ƙarfe ko na nama?

Idan ƙyauren bai lalace sosai ba, gyara shi ya fi, domin mutum ya ci gaba da nasa na halitta. Wani ma da ya tsuke ana iya buɗa shi da balan-balan ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba. Idan gyara ya gagara, zaɓi biyu ne.

Na farko shi ne wanda jama'a ke kira na ƙarfe, ko da yake na zamani da wani nau'in kabon mai tauri ake yin sa. Tun 1960 aka fara dasa irinsa cikin nasara, lokacin da likita Albert Starr da injiniya Lowell Edwards suka ƙera nasu a Amurka. Yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa. Sharaɗinsa shi ne shan maganin tsinka jini, irin su Sintrom ko warfarin, kullum har mutuwa, tare da gwajin jini na INR a kai a kai, aƙalla sau ɗaya a wata. Idan magani ya yi kaɗan, jini ya daskare a kan ƙyauren, ya toshe shi ko ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Idan ya yi yawa, ƙaramin rauni ya zama babban zubar jini. Sabbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji ba su dace da wannan ƙyaure ba. An jarraba su, sakamakon bai yi kyau ba.

Na biyu shi ne na nama, wanda ake yi da tantanin zuciyar saniya ko ƙyauren zuciyar alade, bisa dabarar da likitan Faransa Alain Carpentier ya inganta a ƙarshen shekarun 1960. Galibi ba ya buƙatar maganin tsinka jini na har abada. Amma yana tsufa: shekara 10 zuwa 15 ga manya, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matashi. Ke nan ɗan shekara 25 da aka sa wa irinsa yana da wani aikin a gabansa, wataƙila ma biyu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da na alade ba yana da damar ya tambayi likita na saniya tun kafin ranar aiki.

Ƙa'idojin likitocin zuciya na Turai na 2021 sun karkata ga na ƙarfe ga wanda bai kai shekara 60 zuwa 65 ba, na nama kuma ga wanda ya haura 65 zuwa 70, gwargwadon ƙyauren da ake magana. Amma an rubuta su ne da tunanin majinyacin da ɗakin gwajin jini yake kusa da gidansa. Ga mai zama a ƙauyen da ke da nisan kilomita 100 daga Tawa, tambayar farko ita ce ko zai iya samun gwaji da magani kowane wata tsawon shekara 40.

Sana'a, kokawa da haihuwa

Mai ƙyauren ƙarfe yana iya tafiya, gudu, tuƙa keke, noma da kasuwanci. Abin da likitoci ke hana shi shi ne duk abin da ke kawo duka ko faɗuwa: kokawa, dambe, ƙwallon ƙafa ta gasa. Ɗan kabu-kabu da ke shan maganin tsinka jini, faɗuwa ɗaya ba hular kwano tana iya zama zubar jini cikin ƙwaƙwalwa. Haka birkila da ke hawa bene. Don haka dole majinyaci ya faɗa wa likita gaskiyar abin da yake ci da shi, kada kunya ta sa ya ce "duk wanda kuka ga ya dace".

Ga mata, lamarin ya fi nauyi. A ƙasar da mace ke haifar 'ya'ya kusan 6, yawancin 'yan matan da za a yi wa aikin suna da aure da haihuwa a gabansu. Warfarin da danginsa na iya nakasa ɗan tayi, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, sauya shi da allura kuma yana da nasa haɗarin ga uwa. Shi ya sa ake yawan ba mace mai son haihuwa shawarar na nama, tare da sanin za a sake aiki nan gaba. Wannan magana ce da ya kamata a yi a gaban miji ko iyaye kafin tiyata. Rigakafi ya fi magani.

Bayan an dawo gida

Ƙashin ƙirji da aka tsaga yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, wani har wata uku. A wannan lokaci ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, ba jan guga, ba daka, ba tuƙin babur. Amma kwanciya kurum ma illa ce: tafiya a ƙafa tun kwanakin farko, ana ƙara nisa sannu a hankali, ita ce ke dawo da ƙarfi.

Abinci yana da tasiri. Zogale, alayyahu, kabeji da sauran ganyaye suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin tsinka jini. Ba a ce a daina ci ba. A riƙa ci daidai wa daida, kada yau a cika kwano da kwaɗo gobe a yi mako biyu ba a taɓa ba. Haɗari mafi girma yana kan tiren mai tallar magani a tasha. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini, Flagyl da Bactrim suna ƙara wa maganin ƙarfi, rifamfisin na tarin fuka kuma yana rage shi. Ƙaho, sakiya da cire haƙori a kasuwa duk a bar su. Zazzaɓin da ya ƙi sauka kada a ɗauke shi na cizon sauro kawai, domin ƙwayoyin cuta na iya kama ƙyauren da aka dasa. Azumi da tafiyar Hajji ma a tattauna da likita tun da wuri.

Inda alhakin hukuma yake

Shekaru da dama fatan marasa hali yana wajen ƙasa. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartoum a 2007 ta yi wa dubban 'yan Afirka aiki kyauta, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa isa can ya yi wuya. Dakar da Bamako sun samu nasu cibiyoyin da taimakon ƙungiyar La Chaîne de l'Espoir. Takunkumin da ya biyo bayan watan Yulin 2023 kuma ya nuna yadda rufe iyaka ke saurin taɓa kantunan magani. Ga mai ƙyauren ƙarfe, mako ɗaya ba magani yana iya zama ajali.

Don haka nasarar tiyata, a Yamai aka yi ta ko a waje, ba ta cika sai an samar da gwajin INR mai sauƙin kuɗi a asibitocin jihohi da gundumomi, da maganin da ba ya yankewa. Akwai kuma abin da ya fi haka araha. Tun 2006 kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a Nijar, alhali wannan cuta daga shekara 5 take fara kamu. Wani bincike da aka yi a Uganda, aka bayyana a 2021, ya nuna allurar fenisilin kowane mako huɗu ta rage ci gaban cutar ƙwarai a yaran da aka gano da wuri. Faɗaɗa kyautar ta haɗa da ciwon maƙogwaron 'yan makaranta zai ci kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da miliyoyin sefa da ake kashewa a kan majinyaci ɗaya da aka fitar waje.

Ga iyaye kuma, yaron da ke kukan maƙogwaro da zazzaɓi, ko ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu, a kai shi asibiti a ranar, kada a kai shi wurin wanzami.